Na kankare fentin motata na goge ƙarfen, me zai hana shi tsatsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Peugeot 504, tsohuwar Fijon Kaduna. Na sa an kankare fentinta duka, an goge ƙarfen har yana ɗaukar ido, kuma ina son in bar ta haka babu launi, irin yadda nake gani a hotunan motocin Amurka. Matsalar ita ce duk inda aka goge da yamma, da safe sai a ga ja-ja ya fito, har da shatin yatsu. Mai fenti ya ce a fesa mata kiliya kawai a huta. Hakan zai yi? In ba zai yi ba, me zan shafa mata?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka dakatar da mai fentin tukuna. Kiliyar da yake nufi, wato fentin nan marar launi da ake fesawa a ƙarshe don mota ta yi sheƙi, an yi ta ne don ta kama jikin fenti ɗan'uwanta. Ba a yi ta don tsuran ƙarfe ba, balle ƙarfen da aka goge ya zama kamar madubi. Ranar da aka fesa za ka ga abin sha'awa, amma damina ɗaya kan isa ta tona asirinta, kuma gyaran da zai biyo baya ya fi wanda kake ciki yanzu wahala.

Tushen matsalar shi ne sheƙi da kariya ba sa zama inuwa ɗaya. Duk abin da za a fesa wa ƙarfe yana buƙatar kaushi, 'yan ƙananan karce da zai shiga ya riƙe. Gogewa kuwa aikinta ke nan ta share wannan karcen. Iya yadda ƙarfe ya yi santsi, iya yadda abin da aka fesa zai rasa mariƙa. Taura biyu ba ta taunuwa: ko dai ka riƙe sheƙin madubi ka yarda da shafa mai da kaki muddin motar tana hannunka, ko ka sauko da sheƙin ya koma dishi-dishi mai layi-layi, ka fesa kiliya ta musamman wadda aka yi don ƙarfe. Zan yi bayanin kowanne, amma sai ka fara sanin abin da ke fitowa da safen nan.

Tsatsa abu uku take nema: baƙin ƙarfe, iskar oksijin da ruwa. Ruwan ba sai ido ya gan shi ba. Da zarar laimar da ke cikin iska ta haura kimanin kashi 60 cikin 100, wani siririn danshi kan kwanta a fuskar ƙarfe, kuma da asuba, lokacin da jikin mota ya fi iska sanyi, raɓa kan sauka ko a ƙarƙashin rumfa. In akwai gishiri a wurin, ko laimar ba ta kai haka ba sai ya janyo ta. Shatin yatsun da kake gani gishirin gumi ne ya zana shi. Daga yau kada kowa ya taɓa motar sai da safar hannu ta roba, har kai kanka. Motar zamani daga kamfani takan fito da rufi hawa-hawa: tutiya mai kaurin maikiron 7 zuwa 10, firaima, wato fentin share fage, da ake tsoma jikin mota a ciki mai kusan maikiron 20, sannan wata firaimar, launi da kiliya, jimla maikiron 100 zuwa 150. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, silin gashin kai kuma kusan maikiron 70 ne. Wannan ɗan siririn rufin shi ke tsakanin mota da tsatsa, kuma duk abin da Fijonka take da shi irin wannan, samfefa ta tafi da shi. Ƙarfen jikin mota bai cika kai milimita ɗaya ba, saboda haka ba shi da naman da zai yi ta bai wa tsatsa da samfefa shekara da shekaru.

Motocin da kake gani a hoto kuma, ka san yadda suke rayuwa. Akasarinsu na masu sha'awar gyaran tsofaffin motoci ne, a cikin gareji rufaffe suke kwana, da yawa a wurare masu bushewa irin Arizona da kudancin Kalifoniya, ana fito da su ranar baje koli a mayar, mai su kuma yana bin su da tsumma da mai. Waɗanda suka fito daga kamfani ba fenti, irin DeLorean da aka ƙera kusa da Belfast a farkon shekarun 1980 da Cybertruck ta Tesla da aka fara miƙa wa masu saye a ƙarshen 2023, ba irin ƙarfenka ne a jikinsu ba. Nasu ƙarfe ne da aka haɗa da sinadarin kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin 100, wanda ke yi wa kansa wata fata marar ganuwa da ke hana tsatsa. Tsohuwar Land Rover kuwa fatar jikinta alminiyam ce, ita fari-fari take yi, ba ja ba. Fijo tsantsar baƙin ƙarfe ce, maganaɗisu zai kama ta ko'ina sai inda aka cika da bodi fila.

Kafin a zo kan fuskar da ido ke gani, akwai aikin da mutane ke tsallakewa, kuma shi ne ke kashe mota. Tsatsar da ke huda ƙofa ba daga waje take farowa ba. Daga ciki take zuwa: gindin ƙofa inda aka naɗe bakin ƙarfen waje a kan na ciki, ƙarƙashin robar gilashi, magudanar ruwa ta gefen rufi, cikin madgad inda laka ke kwana, kwarin but, da dogayen kwalayen nan na ƙarƙashin ƙofofi. Duk inda ƙarfe biyu suka haɗu aka yi musu walda, akwai 'yar tsaga da ruwa ke shiga ba ya fita. Babu wanda zai ga waɗannan wuraren, don haka babu dalilin barin su tsirara. A cire gilasai da robobi da hannun ƙofa da fitilu da bamba. A wanke cikin, a karce shi da samfefa lamba 80 zuwa 180, a fesa firaimar ifoksi mai haɗi biyu, hawa biyu, bisa awon da aka rubuta a jikin gwangwani. Bayan ta bushe a bi duk mahaɗa da ɗankon toshe tsaga na motoci. Kada a sa silikon na banɗaki, irin mai warin tsami, domin yana fitar da asid lokacin da yake bushewa, kuma fenti ba ya kama shi. Ifoksin ya zagayo har bakin ƙofa da bakin bonet ta ciki, yadda layinsa zai ɓuya in an rufe. A ƙarshe, bayan an gama duk wani feshi na waje, a tura kakin cikin rami ta ramukan da ke akwai, da doguwar tiyo mai feshi ta ko'ina. Mota irin taka za ta ci gwangwanin feshi huɗu zuwa shida masu mililita 500. Ka tabbata ramukan zubar ruwa na gindin ƙofa a buɗe suke. Ka zura waya ka gani.

In an yi amfani da maganin kankare fenti na ruwa, to ragowarsa na nan maƙale a tsagogin nan, kuma zai riƙa tsattsafowa yana ɓata duk abin da aka ɗora. A bi su da burushi da tina, a hura da iskar kwamfireso har su bushe. Wani abu kuma da ya shafi lafiya: a tsofaffin motoci da yawa, mahaɗar rufi da ginshiƙi da dalma ake cike ta. In ka ga wuri mai laushi, launin toka-toka, da ƙusa ke iya karcewa, kada a sa masa inji. Ƙurar dalma guba ce, musamman ga yara, kuma tana bin kaya zuwa gida.

Hanya ta farko ita ce ta mai da kaki. Ita kaɗai ce ke barin ƙarfe da kamanninsa na gaskiya, ita ce kuma mai sauƙin gyara, tunda babu abin da za a kankare in wani wuri ya ɓaci. Da farko a cire ja-jan da ya fito. In ƙarfen madubi ne, man goge ƙarfe irin Autosol da tsumma mai laushi sun isa. In ya ɗan ci ciki, a koma samfefa lamba 800, sannan 1000, sannan 1500, a bushe, ba da ruwa ba. Wanke-wanken samfefa da ruwa na fenti ne. A tsuran ƙarfe kafin ka gama gefe ɗaya ɗaya gefen ya yi ja. In da inji ake gogewa, kada a tsaya wuri ɗaya. Bonet da rufi faffaɗa ne kuma sirara, zafi kaɗan ke sa su lanƙwashe, kuma a motar da ba fenti babu fila da za ta rufe wannan aibin. In bayan hannunka ba zai iya zama a wurin ba, an wuce gona da iri, a matsa gaba a bar shi ya huce.

Sai a wanke baƙin da man gogewa ya bari. Ana yin haka da tsumma biyu: ɗaya jiƙe da asitun, wato ruwan nan mai narkar da maiƙo da ke saurin bushewa, ko ruwan wanke jikin mota da masu fenti ke amfani da shi kafin feshi, ɗaya busasshe yana biye da shi nan take kafin ruwan ya tashi. In ka bar shi ya bushe da kansa, daudar ta koma inda take. A riƙa canza tsumma har sai farin ƙyalle ya fito fari. Fetur ba ya wannan aikin, yana barin maiƙo. Omo kuwa da ruwa yake tafiya, kuma akwai gishiri iri-iri a cikinsa. A yi aikin ɓangare-ɓangare: ƙofa ɗaya a goge, a wanke, a shafe, sannan a wuce ta gaba. Kada a goge mota duka a ce sai gobe a shafa.

Man da za a shafa ya zama wanda aka yi don hana tsatsa, mai korar ruwa kuma mai barin siririyar fata. Boeshield T-9, wanda kamfanin jiragen sama na Boeing ya samar, yana bushewa ya bar kaki. ACF-50 da Gibbs su ma masu irin waɗannan motoci na amfani da su. Fesa a tsumma, shafa siriri, bar shi minti 15 zuwa 20, goge rarar da busasshen ƙyalle. Abin da ya rage a jiki ya zama wanda ba ka gani sai dai ka ji santsinsa. WD-40 na yau da kullum yana korar ruwa amma fatarsa ba ta daɗewa a waje. Na kwana kaɗan ne, kamar tsakanin aikin yau da na jibi. Mai irin Fluid Film, da ake yi da maiƙon gashin tumaki, yana da kyau ƙwarai a ƙarƙashin mota da cikin ƙofa, amma ba ya bushewa, kuma a hunturu kafin ka kai bakin titi ya zama taɓo.

Ga wanda ke son fuska busasshiya da ba ta kama ƙura, kaki ya fi mai. Renaissance Wax, wanda aka samar a ɗakin binciken gidan tarihi na British Museum a shekarun 1950 don adana kayan ƙarfe, shi ne abin misali. Ana shafa shi siriri sosai, hawa biyu ko uku, a goge tsakanin kowane hawa. Kakin kanuba, na wani irin dabino da ke fitowa a Burazil, shi ma yana yi, kuma sai zafi ya haura digiri 80 yake narkewa; ka dai duba wanda ba a haɗa shi da ruwa ko garin gogewa ba. Kakin zuma na kasuwa yana narkewa a digiri 62 zuwa 64, kuma tun kafin nan ya yi laushi. Motar da aka ajiye a ranar Afrilu a Kano ko Sakkwato jikinta na iya kai wa can, sai kakin ya yi danƙo ya kwashi ƙura. Kaki a kan ƙarfe mai tsabta ake sa shi, ba a kan jiƙaƙƙen mai ba. Ka zaɓi ɗaya.

Na san za a ba ka shawarar baƙin mai, wanda aka juye daga inji. Kada ka karɓa. Akwai asid da tokar ƙonewa a cikinsa, yana kumbura roba, kuma ba shi da kyau ga fatar mai shafawa. Man ja da man gyaɗa suna tsami su daskare su zama ƙamas. Man linsid da Penetrol suna bushewa su ba da kariya mai ɗan daɗewa, amma suna mayar da ƙarfe ruwan zuma, rana kuma na ƙara musu duhu. In ka yi amfani da linsid, kada ka dunƙule tsumman ka jefa a kwana: yana ɗaukar zafi da kansa har ya kama wuta. A shanya shi a buɗe ko a tsoma a bokitin ruwa. Basilin kuwa yana da amfani in za a ajiye mota wata da watanni ba hawa, a lafta shi da kauri, a wanke in an tashi.

Gaskiyar wannan hanya ita ce ba ta ƙarewa. Da rani, motar da ke kwana a rufaffen wuri, sabunta shafi duk mako uku ko huɗu zai wadatar. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, duk mako ne, kuma duk ranar da ruwa ya taɓa ta sai an tsane ta a ranar, an hura tsagogi da iska, an sake shafawa. Watan Oktoba ma kada ka sake, ruwa ya ɗauke amma raɓa na nan da yawa. Kashin tsuntsu da ɗigon darbejiya ko mangwaro, in suka kwana, sai sun bar tabo. Ƙurar hunturu ba ta kawo tsatsa da kanta, sai dai in ka share ta da busasshen tsumma ta zama samfefa, ta karce sheƙin ta kwashe kakin. A hure ta da iska tukuna. Kada a lulluɓe motar da tamfol ko leda: danshin ƙasa yana tashi ya taru a ciki, da rana ya yi gumi, da dare ya sauka a kan ƙarfe. Mayafin auduga mai shan iska ya fi, kuma in garejin turɓaya ne, a shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa, ƙarƙashin motar.

Hanya ta biyu ita ce kiliya, kuma a nan ne ake gudun gara a faɗa gidan zago. Firaimar kirki tana da sinadaran da ke kwantar da tsatsa ko da ruwa ya ratso, amma waɗannan sinadaran suna da launi, shi ya sa firaima ba ta zama garau. Kiliya ba ta da su. Katanga ce kawai. Ranar da tsakuwa ta fasa ta a gaban bonet, ko bakin ƙofa ya gogi bango, danshi ya samu ƙofa. Tsatsar da ke shiga ta nan ba a wuri ɗaya take tsayawa ba. Takan yi ta tafiya a ƙarƙashin kiliyar, siririya kamar zare, tana lanƙwasa tana rassa, sak hanyar gara a jikin bango. Kan zaren yana cin sabon ƙarfe, jelarsa tana barin jan gari, kuma da yake tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, tana ɗaga kiliyar tana buɗa wa kanta hanya. Laimar damina ita ce abincinta. Kana kallonta ta cikin kiliyar amma tsumma ba ya kai mata. Maganinta ɗaya ne, a kankare ɓangaren duka a sake.

Duk da haka ana yi, kuma yana ɗaukar shekaru in an bi ƙa'ida. Sharaɗin farko, kiliyar ta zama wadda kamfaninta ya rubuta ƙarara cewa ana fesa ta kai tsaye a kan ƙarfe. A jikin gwangwani za ka ga haruffan DTM. KBS DiamondFinish Clear da Glisten PC na POR-15 suna cikin irinsu, Everbrite da ProtectaClear kuma sirara ne da ake iya shafawa da hannu a kuma sabunta su ba tare da kankarewa ba. In mai shago ya ce "ai duk ɗaya ne", ka nemi ya nuna maka inda aka rubuta.

Sharaɗi na biyu, ka haƙura da madubi. A tsaya a samfefa lamba 320 ko 400, a ƙarasa da jan soson Scotch-Brite, ana ja layi ɗaya daga gaban mota zuwa baya, da katako mai laushi a bayan soson don layin ya miƙe. Wannan fuskar mai layi-layi tana da kyau sosai a ido, tana ɓoye ƙananan lotsawa da madubi ke fallasawa, kuma ba ta haske wa direban da ke tahowa ido da rana, abin da ya kamata mai motar madubi ya yi tunani a kai. Tunda an riga an goge taka da man gogewa, akwai kitse da kaki a cikin ƙofofin ƙarfen. A wanke da tsumma biyu kafin samfefa, in ba haka ba samfefar za ta tura maiƙon ciki, sannan a sake wankewa bayanta, sau biyu ko uku. In an taɓa fesa wani abu mai silikon kusa da motar, irin man sheƙin taya ko na dashbod, kiliya za ta riƙa buɗewa ƙananan ramuka kamar idon kifi. Kuma kada a bar ko ɗigon ja a ƙarƙashi. Fesa kiliya a kan tsatsa kitso ne da ƙwarƙwata.

Wasu kan wanke ƙarfe da ruwan asid na fosforik kafin feshi. Yana cin tsatsa, yana barin wata fata da ke taimaka wa fenti kamawa, amma yana mayar da ƙarfe toka-toka mai dabbare-dabbare, wanda a ƙarƙashin kiliya zai fito fili. A ciki da ƙarƙashin mota yana da amfani, matuƙar an wanke shi tun yana jiƙe kuma firaimar da za a ɗora ta yarda da shi. Ruwan batir da asid ɗin wanke tayil kuwa kada su kusanci motar ko kusa. Suna cin ƙarfen kansa, ragowarsu na shiga tsagogi, tsatsar da ke biyo bayansu ta fi ta farko sauri.

Lokacin aiki yana da nasa muhimmanci, kuma a nan Arewa ta yi mana gata. Daga Disamba zuwa Fabrairu laima kan sauka ƙasa sosai, har ƙarfe ya yini tsirara bai canza ba. Wannan ne lokacin yin irin aikin nan, ba Agusta ba. Abokin gaba a lokacin ƙura ce, don haka a rufe wurin da leda ta kowane gefe, a share a yayyafa ruwa a ƙasa tun da wuri yadda ba zai fantsamo jikin mota ba. Ƙa'idar masu fentin ƙarfe ita ce jikin ƙarfe ya fi zafin da raɓa ke sauka da aƙalla digiri 3. A aikace, kada a fesa da sassafe ƙarfe na sanyi, a bari hantsi ya ɗaga, kuma kada a fesa a kan ƙarfen da rana ta gasa. Digiri 20 zuwa 25 shi ne daidai. Tsakanin wankewar ƙarshe da hawan farko kada a wuce awa ɗaya. A zubar da ruwan tankin kwamfireso kafin a fara, a sa matatar ruwa kusa da bindigar feshi. Ka fesa iska zalla a jikin madubi ko farar takarda na daƙiƙa 30: in ka ga danshi ko ɗigon mai, wannan ne za a binne a ƙarƙashin kiliyarka.

Bakin bindiga milimita 1.3 ko 1.4, ƙarfin iska kusan "bar" 2 a agogon awon iska, tazara kamar taƙi ɗaya. Awon kiliya da hadina, wato ruwan da ake haɗa ta da shi don ta bushe ta yi tauri, ko 2 da 1 ne ko 4 da 1, a bi abin da ke jikin gwangwani da kofin awo, ba da ido ba. Hawan farko ya zama siriri, a jira minti 10 zuwa 15, sannan cikakkun hawa biyu. Mota irin Fijo za ta ci kimanin lita 3 zuwa 4 bayan an haɗa. A bakin ƙofa da bakin bonet da duk wani kaifi fenti kan janye ya yi siriri, kuma daga nan zaren tsatsa ke farowa, saboda haka a ɗan dakushe kaifin da samfefa, a fara fesa bakunan, a zagaya da kiliyar har ta hau kan ifoksin ciki. Hadina tana ɗauke da sinadarin aisosayanet mai lalata huhu ya jawo asma. Ƙyallen rufe hanci ba ya tare shi. Mai feshi ya sa takunkumin fenti na gaske mai sabuwar matata, wanda ake turo wa iska daga waje ya fi, kuma yaran gareji su fita daga wurin.

Bayan an gama, ka ajiye 'yar kwalbar kiliya da ƙaramin burushi a cikin mota. Duk mako ka duba gaban bonet da bayan tayoyi. Inda tsakuwa ta fasa, a goge da asitun a ɗiga kiliya a ranar. Ruwan gilashin nan da ake kira siramik, kaurinsa bai wuce maikiron ɗaya ko biyu ba; a kan kiliya yana taimakawa wajen zamewar ruwa, amma shi kaɗai a tsuran ƙarfe ba zai riƙe damina ba.

In ka tambaye ni wacce za ka ɗauka, ya danganta da inda motar ke kwana. In ta ado ce, tana da rufaffen gareji mai siminti, ba ta fita in hadari ya haɗu, ka riƙe madubinka ka bi hanyar kaki. In za ta shiga gari da damina, ka sauko zuwa lamba 400 ka fesa kiliyar ƙarfe, da sanin cewa wata rana za a sake wani ɓangaren. In kuwa a waje take kwana, ko za ta zauna a Legas ko Fatakwal inda laima ba ta sauka kuma iskar teku na ɗauke da gishiri, ina roƙonka ka rufe ta da ifoksi duka, a fesa launin azurfa mai kama da gogaggen alminiyam, ko a manna mata ledar ado mai kamannin ƙarfe a kan fentin. Fijo 504 da aka fara haɗawa a Kaduna tun 1975 ba a ƙera sabuwarta yanzu, ƙofa da madgad masu lafiya sai ƙara wuya suke, kuma abin takaici ne a rasa jikin da ya kai yau saboda kwalliyar shekara biyu. Kowacce ka zaɓa, launin da ke takardun motar ya dace da abin da ke jikinta, ka je a gyara.

Kafin ka sayi lita huɗu na komai, ka yi gwaji. Ka samo tsohon madgad ko guntun ƙofa a wurin masu fanel bita, ka gyara shi daidai yadda za ka yi wa motar, ka raba shi uku da tef: kaki, mai, kiliya. Bayan mako ɗaya, a ɓangaren kiliya ka ja layi shida a tsaye shida a kwance da reza, tazarar milimita 2, har reza ta taɓa ƙarfe. Ka manna tef mai ƙarfi, ka danne da yatsa, ka fizge. In 'yan murabba'an sun biyo tef ɗin, kiliyar ba ta kama ba, ko dai ƙarfen ya yi santsi da yawa ko akwai sauran maiƙo. In sun zauna, ka karce alamar kuros a kowane ɓangare, ka narka gishiri giram 50 a ruwa lita ɗaya, ka riƙa yayyafa masa safe da yamma a inuwa har mako biyu. Ja a cikin karcen kansa dole ne ya fito. Abin dubawa shi ne ko ya tsaya a nan, ko ya fara miƙa zare zuwa gefe. Yau da daddare kuwa, kafin duk wannan, a goge ja-jan da ya fito, a shafe motar duka da man hana tsatsa ko basilin, a shigar da ita ƙarƙashin rufi.